Jirgin yaƙin da aka tsinta a hamadar Masar: wane ne matuƙinsa, kuma me ya kashe shi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Akwai wasu hotuna da ke yawo a Facebook na wani tsohon jirgin yaƙi kwance cikin hamada, kusan lafiyarsa ƙalau. An ce ya yi shekara 70 a wurin kafin a gan shi, matuƙinsa kuma ya bar shi ya nausa da ƙafa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Gaskiya ne ko haɗin kwamfuta? In gaskiya ne, ta yaya soja mai horo zai ɓata a sama, kuma me ya hana a neme shi? Sannan wani abokina ya ce irin wannan ba a lissafa shi cikin waɗanda suka mutu a yaƙi, tunda ba harbo shi aka yi ba. Ni direba ne, na sha bin hanyar Agadas zuwa Dirku, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Hotunan na gaskiya ne. Jirgin ƙirar kamfanin Curtiss ne na Amurka, samfurin P-40, wanda Turawan Ingila suka raɗa wa suna Kittyhawk. Lambarsa ET574, kuma na runduna ta 260 ne ta sojan saman Birtaniya. Wani ɗan ƙasar Folan da ke aiki da kamfanin neman man fetur ne ya ci karo da shi a farkon shekarar 2012, a lardin Wadi al-Jadid, can cikin hamadar yammacin Masar. Matuƙin sunansa Saje Dennis Copping, shekararsa 24, ɗan garin Southend da ke bakin teku a Ingila, mahaifinsa likitan haƙori ne. Ya ɓata ranar 28 ga Yuni, 1942. Ka riƙe sunan nan, don masu yaɗa hotunan sukan yi ta zancen ƙarfe da bindigogi, ba kasafai suke ambatar mutumin da ya zauna cikinsa ba.

Ba za ka gane abin da ya same shi ba sai ka san makon da abin ya faru. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. Tun 26 ga Mayu dakarun Jamus da Italiya ƙarƙashin Janar Rommel suka afka wa rundunar Birtaniya ta Takwas a Gazala cikin Libiya, suka tarwatsa ta. Ranar 21 ga Yuni garin Tubruk ya faɗi, aka kama sojoji sama da 30,000. Ranar 25 ga wata Janar Auchinleck, babban kwamandan Birtaniya a Gabas ta Tsakiya, ya sauke kwamandan rundunar ya karɓi ragama da kansa. Daga 26 zuwa 29 ana gwabzawa a Marsa Matruh, cikin ƙasar Masar. A ranar 1 ga Yuli, jami'an Birtaniya a Alƙahira suna ta ƙona takardun sirri don tsoron kada birnin ya faɗa hannun abokan gaba. To, ranar da Copping ya tashi tana tsakiyar wannan gudun ceton rai. Rundunonin jirage suna tashi daga wannan fili su koma na baya, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu kacal suke yi a wuri. Filayen kuwa ba kwalta, ba hasumiya: fegi ne aka share wa duwatsu, aka kakkafa tantuna da gangunan mai. Matuƙi kan fita aiki sau da yawa a yini, barci kaɗan, ruwa a ƙayyade, makanikai suna gyara cikin ƙura suna sauraren ƙarar igwa tana matsowa.

A irin wannan hali jirgin da ya lalace ba a barinsa. Ko dai a ƙone shi kada maƙiyi ya samu, ko a lallaɓa shi zuwa sansanin gyara da ke baya. Shi ya sa aka ba Copping da wani abokin aikinsa, Saje Lionel Sheppard, jirage biyu masu rauni su kai wurin gyara can ta gabas. Na Copping tayoyinsa ba sa naɗewa, a miƙe ya tashi da su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Jirgin da tayoyinsa ke waje iska tana riƙe shi, gudunsa ya ragu, ya sha mai fiye da ƙima, kuma duk lissafin da matuƙi ya saba yi na cewa minti kaza zan ci kilomita kaza sai ya canza. Tankunan P-40 na wannan samfuri suna cin kimanin lita 560, abin da zai ishe shi tafiyar da aka aike shi har da rara, in dai ya bi hanya.

Bai bi ba. Copping ne a gaba, kuma tun daga tashi ya karkata kudu maimakon gabas. Sheppard ya lura, ya kira shi ta rediyo bai samu amsa ba, ya matso kusa da shi yana yi masa alama da hannu. Copping ya ci gaba da tafiyarsa. Da Sheppard ya ga haka, ya juya ya kama hanyar da ya yarda da ita, ya sauka lafiya. Daga nan babu wanda ya sake sa Copping a ido.

Yanzu ga tambayarka ta yadda mai horo ke ɓata. Ka cire jirgin zamani daga ranka. A 1942 matuƙin jirgin yaƙi mai kujera ɗaya abu uku gare shi na gane hanya: kamfas, agogo, da taswira a kan cinya. Ya san saurinsa, ya san inda ya sa gaba, ya duba agogo, sai ya ƙiyasta inda yake, sannan ya leƙa ƙasa ya nemi abin da zai gaskata ƙiyasin, kamar kogi, layin dogo ko gari. Duk wannan yana yinsa da hannu ɗaya a kan sanda, ido ɗaya a kan zafin inji, wuya kuma yana juyawa don kada a zo masa ta baya. Kamfas ɗin maganaɗisu abu ne mai saurin ruɗewa: ƙarfen bindigogi, wayoyin wuta, mummunar sauka, ko sassan da aka canza wajen gyara, duk suna iya karkatar da allurarsa. Shi ya sa ake jan jirgi gefe a juya shi gabas da yamma, kudu da arewa, a gwada kamfas ɗin a rubuta kuskurensa, aikin da ke son lokaci da natsuwa, abu biyun da babu su a wancan mako. Akwai kuma wata na'ura mai juyawa da ke nuna alƙibla, wadda matuƙi ke saitawa da hannu daga kamfas kafin ya tashi, ya kuma riƙa gyara ta kowane kwata na awa. In ya saita ta bisa kuskure a ƙasa, za ta riƙa nuna masa ƙarya daram ba girgiza, shi kuma ya yarda da ita.

Masu koyar da tuƙi suna da wani lissafi mai sauƙi: kuskuren digiri ɗaya yana kauce da kai kilomita ɗaya a kowace tafiyar kilomita 60. Ka ga digiri goma a tafiyar kilomita 300 ya jefa ka kilomita 50 gefe. A ƙasa mai koguna da garuruwa za ka farga da wuri. A hamadar yammacin Masar, da zarar ka bar bakin teku ka tsallake kwarin Katara, ba abin da ido zai kama. Taswirar kanta fara ce fat a wurare da dama. A ƙarshen Yuni kuma rana tana kusan tsakar ka na sa'o'i a tsakiyar yini, ba ta nuna gabas balle yamma, ga hazon ƙura da ke haɗe sama da ƙasa. Kai da ka bi Tenere ka san yadda direba kan bi sawun da ba shi ba, ya yi ta tafiya yana gaya wa kansa cewa wancan tudun shi ne wanda ya sani. Haka yake a sama, sai dai can mutum yana cin kilomita biyar a kowane minti, kuma ba damar tsayawa a kashe inji a yi shawara.

Wannan shi ne wurin da ya fi kashe matuƙa, kuma ba wauta ba ce. Mutumin da ya gaji, ya riga ya yanke cewa hanyarsa daidai ce, duk abin da ya gani sai ya lanƙwasa shi ya dace da abin da ke ransa. Abokinsa yana masa alama, shi yana ganin abokin ne ya rikice. Akwai dokar da matuƙan hamada suka sani: in ka ɓata, ka miƙe arewa har ka ga teku, ko gabas har ka ga Nilu, domin waɗannan biyun ba a kuskure su. Amma dokar tana aiki ne ga wanda ya yarda ya ɓata, kuma yana da abin da zai nuna masa arewa na gaskiya. Ƙari a kan haka, a wancan mako bakin tekun ma yana faɗawa hannun Jamusawa awa bayan awa.

Hukumomin sojan sun san wannan rauni sarai, kuma shaidar tana ƙasarmu. Daga Satumba 1940, jiragen yaƙi da yawa da ake kai wa fagen Masar a akwatuna suke zuwa ta teku har Takoradi a Gana ta yau. Can ake harhaɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fallomi wato Njamena ta yau, su ratsa Jinaina da Alfashir zuwa Hartum, sannan su bi Nilu har Masar, tafiyar kusan kilomita 6,000 cikin kamar kwana shida. Jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanya kafin ƙarshen 1943, har da irin wannan P-40. Ba a sakin ƙananan jiragen su kaɗai. Ayari ake yi, a sa babban jirgi mai inji biyu a gaba, cikinsa da mutum wanda ba shi da aiki sai lissafin hanya, saura su bi shi. Har farin fenti ake shafa musu a baya don a hango wanda ya faɗi a daji. Wato an san matuƙin jirgin yaƙi shi kaɗai bai isa ya ratsa fili marar alama ba. Copping bai samu jagora ba, domin tafiyarsa gajera ce a takarda, kuma ba wanda ke da jirgin da zai bayar a ranar. Wani abin lura: kwamandan sojan saman hamada a lokacin, Arthur Coningham, shi ne ya jagoranci jirage ukun da suka taso daga Masar suka fara sauka Kano a Nuwamba 1925. Shi ma daga baya ɓata ya yi, cikin jirgin fasinja da ya nutse ba labari a tekun Atlantika kusa da Bamuda a Janairu 1948.

Mu koma wurin jirgin, don shi ne kaɗai mai ba da shaida. Ka sake duban hotunan. Ƙasar wurin ba rairayi mai laushi ba ce, tsandauri ne mai duwatsu. Farfela ta tsinke tana yashe gefe, ƙafafun sauka sun karye, amma fukafukai da gangar jiki suna nan a haɗe, ɗakin matuƙi bai murƙushe ba. Jirgin da ya kuɓuce wa mai shi ba haka yake kwanciya ba. Wannan sauka ce ta mutumin da ke riƙe da sanda har ƙarshe, ya zaɓi wuri, ya ajiye jirgi mai tayoyi a miƙe kan duwatsu ba tare da ya kifa ba. Duk wanda ya san tuƙi zai ce ya yi aiki. A gefen jirgin an tarar da ragowar laimar saukarsa, alamar ya kafa ta don inuwa. An tarar da rediyo da batir a waje, an ciro su daga mazauninsu, alamar ya zauna ya yi ta ƙoƙarin tayar da ita. Ciro rediyon irin wannan jirgi ba aikin minti biyar ba ne, sai an buɗe ƙofar gefe an kwance ƙusoshi da wayoyi, a jikin ƙarfen da rana ta gasa. Rediyon kuwa a sama take da zango. A ƙasa, tsakiyar fili, muryarta ba ta zuwa ko'ina.

Ruwa fa? Abin da jirgin mutum ɗaya ke ɗauka na gaggawa kaɗan ne. Kuma kada ka yi tunanin lagireto, wanda na san direbobin hamada kan koma gare shi in ta ɓaci. Injin Allison na wannan jirgi da wani sinadari ake sanyaya shi, guba ne, mai shansa ƙodarsa ce za ta tsaya. A zafin Yuni, mai tafiya cikin rana yana iya zubar da lita guda ta gumi a awa ɗaya, wanda ba shi da ruwa kuwa da wuya ya wuce kwana biyu zuwa uku. Jaridun da suka ba da labarin gano jirgin sun ce gari mafi kusa ya kai nisan kilomita 300.

Mutane kan ce da ya zauna wurin jirgin. Ita ce ƙa'ida, kuma daidai ce, domin daga sama jirgi ake hangowa, ba mutum ba. Sai dai ƙa'idar tana da sharaɗi: a ce ana nemanka, kuma a wurin da kake ake neman. Wani matuƙi Bature, Bill Lancaster, ya faɗi a hamadar Aljeriya a Afrilu 1933 yana kan hanyar Gawo da ke Mali ta yau. Ya zauna ƙarƙashin fiffiken jirginsa kwana takwas yana auna ruwa yana rubutu, masu nema suna can wani wuri, sai a 1962 sojojin Faransa suka tsinci gawarsa. Waɗansu kuma tafiyar ce ta cinye su. Wani babban jirgin Amurka mai suna Lady Be Good ya wuce sansaninsa da dare a Afrilu 1943, ya lula kimanin kilomita 700 cikin hamadar Libiya. Mutanensa suka diro da laima, suka nufi arewa suna zaton teku na kusa, da ruwan da bai cika gora ɗaya ba, suka yi kusan mako suna tafiya kafin su ƙare. Kuma wata biyu kacal kafin ɓatan Copping, a farkon Mayu 1942, jirage uku na sojan Afirka ta Kudu suka ɓata kusa da Kufra, cikin hamadar Libiya, da mutum 12. An neme su, guguwar rairayi ta hana, da aka kai gare su mutum ɗaya ya rage da rai. Saboda haka ni ba na ganin laifin Copping da ya tashi. Ya jira, ya gwada rediyo, ya ga ba mai zuwa. Kuma gaskiyarsa, ba mai zuwa.

Me ya hana a neme shi? Na farko, ba a san inda za a duba ba. Abin da Sheppard zai iya faɗa shi ne inda ya ga ya dosa. Ka ɗauki rabin da'ira mai zangon kilomita 500 daga inda suka tashi, faɗinta ya kusa murabba'in kilomita 400,000, wato kamar kashi biyu cikin biyar na Nijeriya. Na biyu, rundunar tasa tana kan naɗe tantuna, kowane jirgi mai tashi ana bukatarsa don tsare sojojin ƙasa da ke ja da baya zuwa Al-Alamain, inda aka fara sabon gumurzu ranar 1 ga Yuli. Na uku, ɓatan matuƙi a hamada ba sabon abu ba ne a wurinsu, kuma da yawa sukan dawo da ƙafa bayan kwanaki, sau da dama da taimakon Larabawa makiyaya. Har takarda ake ba matuƙa da Larabci mai roƙon duk wanda ya tsince su ya taimaka, za a saka masa. Masu dawowa har ƙungiya gare su da lambar takalmi mai fiffike. To, amma waɗannan kusa da bakin teku suke faɗuwa, inda akwai rijiyoyi da mutane. Aka rubuta Copping cikin waɗanda suka ɓata, yaƙi ya ci gaba.

Sai maganar abokinka. Ka gaya masa ba haka ba ne, ko a doka ko a hankalce. Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ba ta tambayar ko harsashi ne ko hatsari ko ciwo. Duk wanda ya mutu yana cikin aikin soja a shekarun yaƙin ana rubuta shi daidai da kowa. Sunan Copping yana jikin bangon tunawa da ke maƙabartar Al-Alamain, wanda aka buɗe a 1954, cikin sunaye kusan 12,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, sama da 3,000 daga ciki sojojin sama. Kuma irinsa ba tsiraru ba ne. Sojan saman Amurka ya rasa kusan mutum 15,000 a hatsarin jirage cikin ƙasar Amurka kanta a lokacin yaƙin, inda babu maƙiyi ko ɗaya a sama. Rundunar jiragen bama-bamai ta Birtaniya ta rasa mutum sama da 55,000, kuma fiye da 8,000 daga cikinsu a hatsari ne da wurin horo.

Amma ni ba alƙaluman ne suka fi damuna ba. Ka duba sarƙar da ta kai shi can. Wa ke tashi da jirgin da tayoyinsa ba sa naɗewa? Wa ke tura mutum ya ratsa hamada ba jagora, ba tare da an tabbatar rediyonsa na ji ba? Wa ke barin wanda ya ɓata ba a bi sawunsa ba? A lokacin zaman lafiya kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a hana tashi ko a kafa kwamitin bincike. Yaƙi ne ya mai da su abin yau da kullum. Wanda aka harbo ya gamu da yaƙin ta gaba, wannan ya gamu da shi ta wajen gajiya da gaggawa da kayan aikin da suka ji jiki. In ma ana auna wuya ne, wanda harsashi ya samu a sama cikin daƙiƙa yake gamawa. Wannan saurayi kwanaki ya yi yana kallon abin da ke tafe, shi kaɗai.

Abin da ya biyo bayan 2012 shi ne ya fi ɓata mini rai a labarin nan. Da hotuna suka bazu, sojojin Masar suka je suka kwashe bindigogi da harsasai, wannan daidai ne. Amma kafin a ɗauke jirgin, masu zuwa kallo sun farfasa gilasansa, sun ɓalle na'urorin gabansa sun tafi da su. Abin da hamada ta adana shekara 70, mutane suka illata shi cikin watanni. Gidan tarihin sojan saman Birtaniya ya ba wani kamfani jirgin yaƙi samfurin Spitfire sukutum a matsayin ladan ɗauko shi, aka kwance shi aka sa a kwantena aka kai Al-Alamain da niyyar wucewa da shi Landan. Rikicin siyasar Masar na 2013 ya tsayar da maganar. Daga ƙarshe Masar ta riƙe shi, kuma wannan haƙƙinta ne, a ƙasarta ya faɗi. Sai dai da aka fito da shi a gidan tarihin soja na Al-Alamain wajen ƙarshen 2017, an cike raunukansa, an mulka masa sabon fenti, an zana masa bakin kifi mai haƙora a hanci. Wannan zane na wata runduna ce dabam, ta 112, jirgin Copping bai taɓa ɗaukarsa ba. Darajar jirgin nan tana cikin yadda aka same shi: farfelar da ta tsinke, rediyon da aka ciro, fentin da iska ta kankare. Su ne kaɗai bayanin da mutumin ya bari game da kwanakinsa na ƙarshe, aka shafe su da buroshi.

Mutumin kuma fa? A tsakiyar 2012 wasu masu binciken hamada 'yan Italiya sun tarar da ƙasusuwan mutum kimanin kilomita takwas daga inda jirgin yake, tare da ƙyallen laima da wani maɓallin ƙarfe. Danginsa da ke raye suka nemi a yi gwajin jini na gado, suka ce a shirye suke su ba da nasu. Hukumomin Birtaniya suka ce ƙasusuwan ba su ba da abin da zai tabbatar nasa ne ba, masu binciken da dangin ba su gamsu da yadda aka bi lamarin ba, magana ta yi ta ja har ta mutu. Gaskiya ne zafin hamada yana lalata abin da ake gwadawa a cikin ƙashi. Amma an samu kuɗi da motoci da ƙwararru na ɗauko tan uku na ƙarfe daga tsakiyar hamada cikin 'yan watanni, ba a ga irin wannan himma wajen bin sawun wanda ya tuƙo shi ba. Ka kwatanta da mutanen Lady Be Good: an gano jirginsu a 1958, aka yi ta bincike, a 1960 aka samu gawar takwas daga cikin tara aka mayar wa iyalansu. Ashe in an sa kai ana samu.

Kada ka ɗauka wannan tsohon zance ne da na'ura ta kawar. Gaskiya yau akwai tauraron ɗan Adam mai nuna wa matuƙi inda yake, akwai kuma ƙaramar na'urar da ke aika kiran neman agaji da kanta in jirgi ya faɗi, tsarin da ya fara ceton rayuka tun 1982. Duk da haka, ranar 31 ga Maris 2021 jirgin yaƙin Nijeriya samfurin Alpha Jet ya ɓace a Borno yana kan aiki, da matuƙa biyu, John Abolarinwa da Ebiakpo Chapele, kuma sai bayan kusan shekara guda sojoji suka kai ga tarkacensa a dajin Sambisa. Inda ake yaƙi, sanin wuri dabam, isa wurin dabam, iyali kuma suna gida suna jiran abin da za su binne.

Game da Copping, aikin da ya rage a bayyane yake: a koma inda aka ga ƙasusuwan nan da kewayensa a yi bincike na tsanaki, a gwada abin da aka samu da dabarun yau waɗanda suka fi na 2012 nisa, a kwatanta da jinin danginsa tun suna raye. In nasa ne, maƙabartar Al-Alamain tana da wurin da za a sa shi kusa da abokan aikinsa. In ba nasa ba ne, to wani ɗan Adam ne ya mutu a wurin, shi ma a haƙa masa kabari.